Kilomita 3 zuwa Tafkin Emerald: me ya sa ake sammako a tafiyar da yara ma ke yi?

A jihar Kolorado ta ƙasar Amurka, cikin gandun tsaunukan Rocky da gwamnati ta keɓe tun 1915, akwai wata 'yar hanyar ƙafa da ke tashi daga bakin Tafkin Bear ta ƙare a Tafkin Emerald. Tsawonta bai cika kilomita 3 ba, wato zuwa da dawowa ƙasa da kilomita 6. A kan hanya za ka wuce wasu tafkuna biyu, Nymph da Dream, kuma duk hawan da za ka yi daga farko zuwa ƙarshe bai wuce mita 200 ba. Ga wanda ya saba taka sayyada zuwa gona ko makaranta, wannan ai ba tafiya ba ce. Yara na yin ta, tsofaffi ma na yi da sandunansu.

Duk da haka, ma'aikatan gandun ba sa gajiya da maimaita magana ɗaya ga baƙin da ke zuwa a bazararsu, wadda ke kamawa daga Yuni zuwa Agusta: ku yi sammako, ku sha ruwa, ku riƙo rigar sanyi, ku sauko kafin hadarin bayan azahar ya haɗo. Rigar sanyi a tsakiyar lokacin zafi, a tafiyar awa biyu zuwa uku? To, dalilin yana cikin lamba ɗaya. Wurin ajiye motoci na Tafkin Bear yana kan tsayin kusan mita 2,890 daga saman teku. Tsaunin da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, Chappal Waddi na jihar Taraba, mita 2,419 ne. Ka ga ke nan kafin ka rufe ƙofar motarka ka riga ka haura ƙololuwar Najeriya da kusan rabin kilomita. Shi kuwa Tafkin Emerald yana kan kimanin mita 3,080. A irin wannan tsayi iska da ruwa da rana da gajimare duk suna canza hali, kuma jikin ɗan Adam yakan ji a jika tun kafin mai shi ya gane abin da ke faruwa.

Iskar tana nan, sai dai ta yi sako-sako

Sau da yawa za ka ji ana cewa "babu oksijin a kan tsauni". Maganar ba ta cika daidai ba. Ko a bakin teku a Legas, ko a bakin Tafkin Emerald, kashi 21 cikin 100 na iska oksijin ne. Abin da ke raguwa shi ne matsin iskar. Ka ɗauki misalin buhunan auduga da aka jera ɗaya kan ɗaya har sama. Na ƙasa ya danne ya cure saboda nauyin waɗanda ke kansa, na can sama kuwa yana nan a sake. Haka iskar duniya take. A tsayin mita 3,000 matsinta ya sauko zuwa kusan kashi 70 cikin 100 na abin da yake a bakin teku. Huhunka zai cika kamar kullum, amma kowane numfashi yana ɗauke da ƙwayoyin oksijin kusan bakwai a inda da goma yake ɗauka. Kuma tunda matsi ne ke tura oksijin daga huhu zuwa cikin jini, turawar ma ta yi rauni.

Akwai alamu biyu da kowa zai iya gani da idonsa. Ledar biskit da aka liƙe a ƙasa, in aka hau da ita sai ta kumbura kamar za ta fashe, saboda iskar ciki ta fi ta waje matsi. Sannan ruwa yana tafasa a kusan digiri 90 maimakon 100. Mai dafa wake a can sai ya yi haƙuri, don tukunya na ta ɓararraka amma zafin bai kai wanda aka saba ba.

Jiki yana da dabarunsa, amma kowacce da lokacinta. Cikin mintuna numfashi zai ƙaru, bugun zuciya ma haka. Shi ya sa matakalar dutse goma da ba za ka lura da su ba a gida, a nan sai ka tsaya kana haki. Yawan numfashin yana fitar da iskar kabon da yawa daga jini, abin da ke rage tsamin jinin, sai ƙwaƙwalwa ta taka wa numfashin burki alhali jiki na buƙatarsa. Ƙoda ce ke warware wannan rikici ta hanyar zubar da wani gishiri mai suna bikabonet a cikin fitsari, aikin da ke ɗaukar ta kwana biyu zuwa huɗu. Ƙarin jajayen ƙwayoyin jini kuwa sai an yi makonni. Yanzu ka dubi baƙon da jirgi ya sauke a Denba jiya da daddare, a tsayin mita 1,609, yau da safe ya yi tuƙin awa biyu ya iso Tafkin Bear. A cikin dabarun nan duka, ta farko kawai jikinsa ya samu damar kunnawa.

Daga nan ne ciwon tsauni ke shigowa: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala, rashin son abinci, rashin barci. Yakan fara ne daga tsayin mita 2,500 zuwa sama, kuma ba nan take yake bayyana ba, sai bayan wasu awoyi da isowa. Wani bincike da aka buga a 1993 kan baƙi sama da 3,000 da suka je wuraren shaƙatawa na tsaunukan Kolorado ya gano cewa kusan ɗaya cikin huɗu sun kamu da shi. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne ƙarfin jiki ba ya kare mutum. Ɗan ƙwallo na iya kwanciya, kakarsa ta wuce tana hira. A ganina ma matasa masu ji da ƙarfi sun fi jawo wa kansu, don su ne ke hawa da gudu, su ne kuma ke jin kunyar cewa sun gaji.

Maganin ba shi da tsada. A kwana ɗaya ko biyu a matsakaicin tsayi, kamar Denba ko garin Estes Park da ke ƙofar gandun a kusan mita 2,290, kafin a hau. A yi tafiya a hankali. In ciwon kai ya zo kada a ƙara hawa, in ya tsananta a sauko. Wanda ya fara tangaɗi kamar mai maye, ko maganarsa ta rikice, ko yake haki alhali yana zaune tare da tari mai kumfa, wannan ya wuce ciwon tsauni na yau da kullum. Ruwa ne ke taruwa a ƙwaƙwalwa ko a huhu, kuma yana kisa. Ba kasafai ake ganin haka a tafiyar yini ɗaya a wannan tsayi ba, amma in an gani, a sauko da shi nan take a nemi asibiti.

Wata magana da ta shafe mu musamman

Littattafan yawon buɗe ido na can ba su cika ambaton wannan ba, amma ɗalibanmu da ma'aikatanmu da ke zaune a Amurka suna zuwa irin waɗannan wurare, don haka bari in tsaya a kai. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da ƙwayar halittar sikila guda ɗaya, wato rukunin AS. A rayuwar yau da kullum mai AS lafiyarsa ƙalau, da yawa ma ba su san suna da ita ba sai an zo gwajin aure. Amma ƙarancin oksijin shi ne ainihin abin da ke sa jajayen ƙwayoyin jini masu sinadarin sikila su lanƙwashe kamar lauje. In aka haɗa tsayi da aikin ƙarfi da ƙishirwa, ƙwayoyin na iya toshe ƙananan hanyoyin jini na saifa, wani sashe nata ya mutu.

Misalin da aka fi sani shi ne na Ryan Clark, tsohon ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, mai rukunin AS. A 2007 ya buga wasa a Denba, ciwo mai tsanani ya kama shi a gefen hagu, daga ƙarshe sai da aka cire masa saifa da madaciya. Ka tuna fa, Denba ba ta kai Tafkin Emerald tsayi ba da kusan kilomita ɗaya da rabi.

Ba ina cewa mai AS ya haƙura da hawa tsauni ba ne. Mafi yawansu suna hawa su sauko lafiya. Abin da nake cewa shi ne ya san rukuninsa, ya ba jikinsa kwanakin sabawa, ya yi ta shan ruwa, kada ya yi tsere da kowa. In kuma ya ji ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, wani lokaci yana harbawa zuwa kafaɗa, kada ya ce ai ciwon gudu ne zai wuce. Ya sauko, ya gaya wa likita kai tsaye cewa shi AS ne kuma daga kan tsauni yake. Mai SS kuwa, maganar tafiyar ma sai da shawarar likitansa tun daga gida.

Wa ya haƙa tafkunan?

Yanzu mu koma kan abin da ya kawo mutane. Tambayar da ta kamata mai lura ya yi ita ce: me ruwa yake yi a zaune a kan tsauni? Ruwa ai gangara yake so. Kogi yana yanka kwari ne mai tsukewa a ƙasa kamar harafin V, kuma ba ya barin rami a bayansa, don duk inda ya samu rami cike shi yake yi da yashi da laka. In ka ga jerin tafkuna masu zurfi a cikin dutse tsantsa a can sama, to wani ma'aikaci ne daban ya yi aikin.

Ma'aikacin shi ne kogin ƙanƙara. A wurin da dusar ƙanƙarar da ke zuba a lokacin sanyi ta fi wadda ke narkewa a lokacin zafi, sai ta yi ta taruwa shekara kan shekara. Ta sama na danne ta ƙasa har ta koma ƙanƙara mai tauri, in kaurinta ya kai mita da dama sai ta fara malala a hankali saboda nauyinta, kamar tuwon da bai gama daskarewa ba a kan faranti a karkace. Kimanin shekara 20,000 da suka wuce, a ganiyar zamanin ƙanƙara na ƙarshe, irin waɗannan koguna ne suka cika kwarurukan wannan gandu. Suna aiki ta hanya biyu. Ruwa kan shiga tsagar dutse ya daskare, ya buɗa ta, ƙanƙarar ta fizge ɓallin ta tafi da shi. Sannan duwatsun da ta kwasa suna maƙale a gindinta, tana jan su a kan dutsen ƙasa kamar ɗan dutsen niƙa a kan uwarsa. Dutsen da ake niƙawar ma ba na wasa ba ne, akwai mai shekara biliyan 1.4, akwai mai biliyan 1.7.

Bambancin ƙanƙara da ruwa shi ne ita tana iya haƙa rami ta kuma hau ta fita daga cikinsa, don nauyin da ke bayanta na tura ta. Inda dutse ke da rauni ko tsagogi da yawa sai ta zurfafa, inda yake da tauri sai ta bar shi kamar dokin ƙofa. Da duniya ta ɗumama ta narke, sai aka samu faffaɗan kwari mai siffar harafin U, mai hawa-hawa kamar matakala, kowane rami ya cika da ruwa. A wasu wuraren kuma tarin duwatsu da ƙasar da ta turo gabanta ne suka zama madatsar ruwa. Masana ƙasa na kiran jerin tafkunan da rafi ɗaya ya haɗa da wani suna da suka aro daga carbin addu'a na Kirista, saboda daga sama suna kama da 'ya'yan carbi a zare. Emerald da Dream haka suke, rafin Tyndall ne zarensu.

In kana tafe za ka ga bambancinsu. Nymph, wanda ake fara isa bayan kusan mita 800, ƙarami ne marar zurfi, a bazara ganyen bado mai rawayar fure kan rufe fuskarsa. Rashin zurfin ne ya ba badon damar kafa saiwa, kuma duk shekara ganyen da ya ruɓe na ƙara cike shi. Makomar irinsa ita ce fadama, daga baya fili. Dream dogo ne siriri, ya bi siffar kwarin. Emerald kuwa yana can ƙurya, bangayen dutse sun tsaya a kansa: Hallett mai tsayin mita 3,875 a hagu, Flattop mai kusan mita 3,756 a dama. A can saman kwarin da ke tsakaninsu akwai ɗan ragowar ƙanƙara da ake kira Tyndall. Abin da ke raya shi har yau shi ne iskar yamma mai ƙarfi da ke share dusar ƙanƙara daga kan tudu tana zuba ta a wannan lungu mai inuwa.

Sunan na John Tyndall ne, masanin kimiyya ɗan ƙasar Ailan da ya yi nazarin kogunan ƙanƙara na tsaunukan Alps. Shi ne kuma a 1859 ya nuna a ɗakin gwaji cewa iskar kabon da tururin ruwa suna riƙe zafi, bayan wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta riga ta lura da hakan game da kabon a 1856. Abin dariya abin tausayi, an raɗa wa ƙanƙara sunan mutumin da ya bayyana abin da ke narkar da ire-irenta a faɗin duniya.

Aikin niƙan bai tsaya ba. Kusa da Tafkin Dream akwai wata hanya da ta ratse zuwa Tafkin Haiyaha. A ranar 28 ga Yunin 2022 wani babban ɓangare na gangaren da ke samansa ya zaftare. Ruwan tafkin, wanda da garau yake, ya koma kore mai haske kamar an zuba masa madara. Garin dutse ne mai laushin gaske, wanda saboda ƙanƙantarsa ba ya nutsewa da wuri. Yana yawo a cikin ruwa yana watsa hasken rana, kore da shuɗi su ne ke dawowa ido. Wannan garin dutse ne sirrin launin shahararrun tafkunan tsaunukan Kanada da ake gani a hotuna.

Ruwan da ke kiran mutum

Da rana ta take, gumi ya karyo, ruwan nan garau yana kiran mutum ya faɗa. Kada ka amsa. Ruwan narkakkiyar ƙanƙara ne, kuma waɗannan tafkuna kan kwashe fiye da rabin shekara a rufe da ƙanƙara. Har cikin watan Yuni akan taka dusar ƙanƙara a kan hanyar. 'Yan makonnin zafi ba sa isa su ɗumama su.

Mutane na tsoron sandarewar jiki, amma abin da ya fi saurin kisa yana faruwa ne a minti na farko. Duk ruwan da ya gaza digiri 15, in fata ta shige shi farat ɗaya, jiki na jan wani dogon numfashi da mutum ba shi da iko a kai, sai haki ya biyo baya. In kai yana ƙarƙashin ruwa a wannan lokaci, ruwa za a shaƙa. Bayan wasu mintuna hannuwa da ƙafafu su daina bin umarni, ko da mutum gwanin iyo ne. Ruwa na kwashe zafin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Wannan lissafi ne kuma ya sa jiƙaƙƙiyar rigar auduga take da haɗari a can sama ko ba a shiga tafki ba.

Wani abin sha'awa: da ruwa irin sauran abubuwa ne, da waɗannan tafkuna sun daskare tun daga ƙasa har sama, komai na ciki ya mutu. Amma ruwa ya fi nauyi a kusan digiri 4, in ya ƙara sanyi sai ya fara sauƙi, ƙanƙara kuma ta fi shi sauƙi gaba ɗaya. Don haka ƙanƙarar na tsayawa a sama kamar murfi, ƙasan tafki na zaune a digiri 4, kifi da ƙwari na ci gaba da rayuwa a cikin duhu. Shan ruwan ma ba a yi sai an tace ko an tafasa. Haskensa ba shaida ba ce, don akwai wata ƙwayar cuta mai suna giyadiya da ke shiga daga kashin dabbobi da na mutane, tana sa zawo na makonni.

Agogon hadari

Ga dalilin sammakon. Da safe sararin sama kan kasance shuɗi tas, ko ɗigon gajimare babu. Rana na dukan gangaren duwatsu, su kuma suna ɗumama iskar da ke kansu, iskar ta fara hawa tana bin gangaren kamar hayaƙi a bututu. Duk iskar da ta hau faɗaɗa take yi, ta huce. A Yuli da Agusta kuma akwai damshin da ke kwararowa daga kudu, daga wajen tekunan Meziko, wata 'yar damina ce ta yankin. Da iskar mai damshi ta huce sai tururin ya koma ɗigon ruwa. Wajen ƙarfe 10 zuwa 11 za ka ga fararen gajimare kamar tarin auduga a kan ƙololuwa. Zuwa tsakar rana sun yi tsiri sama, gindinsu ya yi baƙi. Wanda ya san yadda hadari ke haɗowa a daminarmu ya san wannan hoto, bambancin kawai a can kana tsaye ne kusa da tukunyar da ake dafa shi, kuma bangayen dutse na ɓoye maka shi sai ya iso kanka.

A cikin gajimaren, inda sanyi ya wuce na daskarewa, ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara masu hawa na gogayya da manya masu saukowa. Gogayyar na raba cajin lantarki, wani ya taru a sama wani a ƙasa, har bambancin ya kai inda iska ba za ta iya raba su ba. Walƙiya ke nan. A ranakun 11 da 12 ga Yulin 2014, kwana biyu a jere, tsawa ta kashe mutum ɗaya kowace rana a wannan gandu, ta jikkata wasu, duka a kusa da titin Trail Ridge da ke bi ta saman tsaunukan, duka kuma bayan tsakar rana.

Hanyar Emerald ta fi can sauƙin haɗari, don yawancinta a cikin itatuwa take. A wannan yanki itatuwa na ƙarewa ne a wajen mita 3,500. Amma bakin tafkin fili ne na duwatsu da ruwa. Kuma ba sai tsawa ta faɗo a kan mutum ba, mafi yawan waɗanda take yi wa rauni lantarkin ne ke bin ƙasa ya same su. Ga lissafi mai sauƙi: sauti na tafiyar kusan kilomita ɗaya a daƙiƙa 3. In ka ga walƙiya ka ƙirga zuwa 9 kafin ka ji ƙara, tana nesa da kilomita 3. Ni dai ban ga amfanin tsayawa ƙirga ba, don in har kunnenka ya ji tsawa, tana iya kai maka. A bar bakin ruwa, a bar tudu, kada a fake a gindin itace tilo ko bakin kogo marar zurfi, a nufi ƙasa. Mota mai rufin ƙarfe mafaka ce, kuma ƙarfen jikinta ne ke zagaye da lantarkin zuwa ƙasa, tayoyin roba ba su da hannu a ciki. Sai an yi minti 30 ba a ji tsawa ba sannan a fito.

Sanyin ma da lissafinsa. A matsakaici zafi na raguwa da digiri 6.5 a duk kilomita ɗaya na hawa. Ranar da Denba ke digiri 32, bakin Emerald na wajen 22. In hadari ya sauko da ruwa da ƙanƙara da iska, cikin mintuna sai ya ƙara faɗuwa sosai, ga mutum a jiƙe cikin 'yar shara. Ita kuma rana, duk da sanyin, ta fi ƙuna: haskenta mai ƙona fata na ƙaruwa da kusan kashi 10 zuwa 12 cikin 100 a duk mita 1,000, sabuwar dusar ƙanƙara kuma na iya dawo da har kashi 80 cikin 100 nasa zuwa fuska. Baƙar fata na rage ƙunar, amma ba ta hana ta, ido kuwa ba ruwansa da launin fatar mai shi. Hula da tabarau ba gayu ba ne a can.

Abin da mutane ke kawowa

A 2019 mutum sama da miliyan 4.6 ne suka shiga wannan gandu, kuma hanyar Tafkin Bear na cikin inda suka fi cunkushewa. Tun 2020 hukumar gandun ta fara tsarin yankar izinin shiga na wani takamaiman lokaci a watannin zafi, akwai kuma motocin bas na kyauta da ke jigilar mutane zuwa bakin hanya. Wasu na ƙorafi, amma wanda ya ga yadda gefen hanya ke komawa ƙura a inda dubban ƙafafu suka ratse don ɗaukar hoto zai fahimta. Tsiron can sama na da 'yan makonni ne kawai na girma a shekara. Wata masaniyar tsirrai, Beatrice Willard, ta killace wasu filaye da aka tattake a gefen titin Trail Ridge a 1959 don ta ga yaushe za su farfaɗo. Shekaru da dama bayan haka wasu ba su koma yadda suke ba.

Sai dai babbar barazanar tafkunan ba a ƙafa take zuwa ba, ta sama take zuwa. A kwarin Loch Vale, maƙwabcin wannan hanya, masu bincike na auna ruwan sama da na rafi tun farkon shekarun 1980. Sun gano cewa sinadarin naitirojin daga hayaƙin motoci da masana'antu, da kuma takin zamani da garken shanu na filayen gabas, na hawowa da iska yana sauka tare da ruwa da dusar ƙanƙara. Taki a gona alheri ne. Amma tafkin da ya ginu a kan dutse tsantsa, ya saba da yunwa shekara dubbai, ko ɗan kaɗan ya ishe shi ya rikice. Lakar gindin tafkuna na ajiye ɓawon wasu ƙananan halittu dangin gansakuka hawa-hawa kamar shafukan littafi, kuma da aka karanta ta an ga nau'o'insu sun fara sauyawa tun wajen 1950, masu son taki suna korar na asali. A 2007 hukumar gandun da hukumar kare muhalli ta Amurka da gwamnatin Kolorado suka amince da shirin rage naitirojin da ke sauka da ruwan sama, daga kusan kilo 3 a kowace hekta a shekara zuwa kilo 1.5, wato iyakar da aka ƙiyasta tafkunan za su iya ɗauka ba tare da sun sauya ba. Wa'adin da suka ɗiba wa kansu shi ne 2032.